Marubucin fim Bahaushe a Legas: in zauna in ci gaba, ko in tattara in koma Kano?

Sagir_Agege:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai maganar da ta daɗe tana cin raina, na ce bari in kawo ta nan tunda akwai manyan da suka riga mu shiga harkar. Ni haifaffen Agege ne, iyayena mutanen Katsina. Da rana ina shagon yayana a Computer Village muna gyaran waya, da dare in yi rubutu. Shekara uku ke nan, na kammala labarin fim biyu da kashi shida na wani mai dogon zango. Duka a kan Hausawan Legas ne: 'yan gwari na Mile 12, 'yan acaɓan da aka hana aiki a Ikeja da Surulere a 2022, da yara irina da aka haifa a nan, muna Yarbanci a waje muna Hausa a gida.

In na kai wa furodusoshin nan sai su ce Hausa ta yi yawa, wa zai kalla? Wanda na aika wa a Kano kuma ya ce Legas ta yi yawa a ciki, masu kallonsa ba ruwansu da danfo, motocin hayar Legas. Yanzu abokina yana ta matsa min in koma Kano in shiga ƙarƙashin wani maigida, wai a Legas Bahaushe ba ya wuce maigadi a fim, balle a miƙa masa alƙalami. Gaskiya ne? Akwai wanda ya taɓa tsayawa da ƙafarsa a wannan garin ba tare da ubangida ba?

Baban_Ummi:
Wa alaikumus salam. Ɗana, kafin kowa ya ce komai, kar ka saki shagon nan. Shi ne ke saya maka data da man janareton da kake rubutu da shi.

Anti_Zulai:
Sagir ƙanena, abokinka bai yi ƙarya ba, sai dai bai faɗi duka ba. Shekarata bakwai ina fitowa a fina-finan nan. Ranar da ba zan manta ba, na je gwajin 'yan wasa a Surulere, na fito daga Idi-Araba tun bayan asuba, aka ba ni lamba a wata 'yar takarda, na zauna a kan benci har azahar ta wuce. Da na shiga na karanta layukan da aka ba ni da Turanci tsaf. Matar da ke tsakiyar teburin ta ɗago ta dube ni, ta ce ai ba haka suke so ba, in sake, in yi magana irin ta "aboki". Ta so in mayar da "p" ta zama "f", in riƙa karya harshe don a yi dariya. Ina da digiri, mahaifina malamin makaranta ne. Na ce mata matar da kuka rubuta likita ce, me zai sa likita ta yi magana haka? Ta ce to shi ke nan, za su kira ni. Har yau ba su kira ba. Sai da na hau mota na kusa Ojuelegba hawaye suka zubo min.

Amma ka lura, ba ita ce tushen matsalar ba. Wanda ya zauna ya rubuta labarin bai taɓa shiga gidan Bahaushe ba. Abin da ya sani shi ne mai gadin gidansu, da mai shayin bakin layi, da Alhaji mai kuɗi da mata huɗu, sai kuma ɗan ta'adda. Mu 'yan wasa abin da aka rubuta muke faɗa. In irinku kuka tattara kuka tafi, wa zai rubuta min rol ɗin da zan fito ba tare da na ji kunyar 'ya'yana ba?

DanKano_a_Eko:
Anti Allah ya huci zuciyarki. Amma ni ina tare da abokin Sagir. Fim ɗin Hausa gidansa Kano, kuma ba yau ba. An yi Turmin Danya a 1990, shekara biyu kafin Living in Bondage da ake cewa shi ya buɗe kasuwar Kudu a 1992. Ko sunan Kannywood ma ya riga Nollywood fitowa. In ka sauka a Zoo Road, matattarar 'yan fim a Kano, a yini ɗaya za ka ga darakta, ka ga mai kamara, ka ga edita, ka ga jarumai ashirin masu jin Hausa kamar ruwa. A nan Legas in kana neman tsohuwar da za ta fito a kakar Bahaushe, ina za ka samo ta? Mai neman kifi bakin kogi yake zuwa.

Kabiru_Kamara:
DanKano, yaushe rabonka da Zoo Road? Ni na yi shekara biyar ina ɗaukar hoto a can kafin in dawo nan. Kanon da kake ba da labari ta zamanin faifai ce, lokacin da ɗan kasuwa zai sayi fim ya buga ya raba har Nijar da Kamaru. Satar fasaha da tura fim a waya sun kashe wannan kasuwar. Yanzu abin ya koma YouTube da tashoshi irin Arewa24, kuma mai dogon zango ake yi, kashi bayan kashi kowane mako. Marubuci a irin wannan tsarin shi ne na ƙarshe a layin biya. Sau da yawa ma a lokeshan ake ƙirƙirar zancen, darakta ya ce wa jarumi ka ce kaza, ke kuma ki mayar masa da kaza. Ba ina rena Kano ba ne, a can na koyi riƙe kamara. Amma kar a sa yaro ya bar sana'ar hannunsa ya tafi da tunanin ana jiransa.

DanKano_a_Eko:
Ban ce ana jiransa ba Malam Kabiru. Na ce a can zai koya. Kuma akwai masu dogon zangon da rubutu ne ya ɗaga su, duk wanda ya bi Labarina ko Kwana Casa'in ya san ba a lokeshan aka ƙirƙire su ba.

Kabiru_Kamara:
Wannan gaskiya ne, na karɓa. Amma nawa ne irinsu?

Jamilu_Obalende:
Ni abin da nake so in gyara shi ne maganar cewa Bahaushe ba ya wuce maigadi. Ali Nuhu fa? Tun a 2007 ya ci kyautar fina-finan Afirka ta AMAA da Sitanda, fim ɗin Kudu, kuma a Janairun 2024 aka naɗa shi shugaban Hukumar Fina-finai ta Najeriya da ke Jos. Rahama Sadau ta fito a Sons of the Caliphate da Up North. Sani Mu'azu da Yakubu Mohammed suna cikin Lionheart na Genevieve Nnaji. Waɗannan duk masu gadi ne?

Anti_Zulai:
Jamilu, duk waɗanda ka lissafa da sunansu suka shigo Legas. Sun riga sun yi suna a Arewa, furodusan nan ya ɗauke su ne don ya jawo masu kallonsu. Mu da muka fara daga nan, daga abin da suke kira waka-pas, wato ka gifta ta bayan jarumi ba ka ce uffan ba, hanyarmu daban ce.

DanKano_a_Eko:
To kun gani. Anti da bakinta ta ƙarfafa maganata. A yi suna a gida, sannan a zo.

Hafsat_Lauya:
Ku yi haƙuri in ɗan karkatar da zancen, don wani abu a rubutun Sagir ya tsaya min a rai. Ka ce ka "kai wa" furodusoshi, ka "aika wa" wani a Kano. Cikakken rubutun ka tura musu? Ta WhatsApp?

A dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya, wato dokar 2022 da aka sa wa hannu a 2023, haƙƙinka yana tabbata ne daga lokacin da ka rubuta abin, ba sai ka yi rajista ba. Amma doka ba ta kare tunani tsurarsa, abin da aka rubuta take karewa. In ka zauna a wurin mai shayi ka ba wani labarin da baki, ya je ya sa aka rubuta nasa, da wuya ka kama shi. Shi ya sa yake da kyau ka shigar da aikinka a tsarin sanarwa na Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka, ana yi ta intanet, don ka sami shaidar cewa a rana kaza wannan rubutun yana hannunka. Ka riƙa aikawa ta imel, kwanan wata yana zama. Da farko taƙaitaccen labari na shafi ɗaya ko biyu za ka tura, da shafuka goma na farko in sun nema. Sauran sai an zauna.

Kuma sayar da haƙƙi gaba ɗaya sai a rubuce yake inganta. Ka karanta takardar kafin ka sa hannu: sayarwa ce ta har abada ko izini ne na wasu shekaru? Sunanka zai fito a matsayin marubuci? Gyara sau nawa kuɗin ya ƙunsa? In an yi kashi na biyu kana da wani abu? Ka nemi kafin alƙalami, sauran kuma a ɗaure shi da miƙa aiki, ba da "in fim ya fita" ba.

Mustee_Marubuci:
Barista Allah ya saka da alheri, da na ji wannan shekara huɗu da suka wuce da ban shiga abin da na shiga ba. Wani furodusa a Lekki ya kira ni, ya karɓe ni hannu bibbiyu, har abinci ya saya min. Ya ce labarina ya burge shi, in sake masa fasali. Na yi gyara sau biyar cikin wata uku, kowane zuwa sai na tsallaka gadar Third Mainland cikin cunkoso da kuɗin motata. Daga baya ya ce masu zuba kuɗi sun janye. Bayan shekara ɗaya ƙanwata ta turo min tallan wani fim. An canja sunaye, an mayar da Kaduna ta zama wani gari, amma har maganar da uwar ta faɗa wa ɗanta a bakin ƙofar kurkuku tana nan, kalma da kalma. Maganar kakata ce, daga bakinta na ɗauko. Ba ni da takarda ko ɗaya, duk a kiran waya muka yi komai. Na bar wa Allah, amma wata shida ban iya buɗe kwamfuta na rubuta ko layi ɗaya ba.

Baban_Ummi:
Innalillahi. Allah ya bi maka haƙƙinka Mustafa.

Sagir_Agege:
Barista, wallahi cikakke na tura, mutum uku. Jikina ya yi sanyi da na karanta labarin Yaya Mustee. Yau da dare zan tura wa kaina komai ta imel, in nemi shafin hukumar.

Alhaji_Mai_Goro:
Ni ba ɗan fim ba ne, ɗana ne ya sa ni a wannan zauren. Tambayata ɗaya ce: mahaifinka ya sani? Mu da muka zo Ikko tun muna samari, abin da ya riƙe mu shi ne mutunci. Harkar nan ana faɗin maganganu a kanta. Duk abin da za ka yi, a Kano ko a nan, ka nemi albarkar iyaye tukuna.

Sagir_Agege:
Ya sani Baba. Bai hana ba, amma bai yi murna ba. Ya ce in dai ba zan rubuta abin da zai sa ya kasa shiga masallacin unguwa ba, to in je.

Ummu_Haidar:
Tunda Baba ya taɓo mutunci, bari in faɗa wa ƙannenmu mata da ke karantawa ba sa magana. Duk wanda ya ce ki same shi a ɗakin otal da dare don gwaji, ba gwaji ba ne. Duk wanda ya ce ki biya kuɗin fom kafin a duba ki, kasuwancinsa ke nan, fom ɗin yake sayarwa ba fim ba. Ki tafi da wani, ki faɗa wa gida inda za ki. Ni da hijabina nake aikin kayan sawa a lokeshan, shekara shida, ba wanda ya taɓa cewa in cire, don tun ranar farko na nuna inda iyakata take.

Nura_Edita:
Mu dawo kan Sagir. Ni ina ganin tambayar "Kano ko Legas" ita ce ta ɗaure ka. Ba wanda zai sayi rubutun mutumin da bai taɓa ganin ko minti ɗaya na aikinsa a allo ba, a kowane gari. Furodusa ba ya son karatu, shafi casa'in nauyi yake masa. Amma in ka tura masa gajeren fim na minti takwas zai kalla yana cikin go-sulo.

Ka ɗauki fitowa ɗaya daga labarin 'yan acaɓan nan. Mutum biyu, ɗaki ɗaya. A ƙa'ida shafi ɗaya na rubutun fim kusan minti ɗaya ne a allo, don haka shafi takwas ya isa. Wayar da kake gyarawa kullum ta isa ɗaukar hoto. Inda za ka kashe kuɗi shi ne sauti. Mutane za su yafe maka hoto mai ɗan duhu, amma ba za su zauna suna jin janareton maƙwabci da hon ɗin danfo a kan muryar jarumi ba. Ka yi hayar ƙaramin makirufo na maƙalawa a riga, ka ɗauka ranar Lahadi da sassafe kafin gari ya tashi, ka kashe fanka da firji. Na sha karɓar aikin da aka kashe dubban ɗaruruwa a kamara, sauti kuma ba ya gyaruwa, sai dai a sake kiran jarumai su maimaita magana a situdiyo.

Kabiru_Kamara:
Ƙari a kan maganar Nura: a cikin gida za ka yi, ka ji. Da zarar ka kafa kamara a bakin titi a garin nan, kafin ka ce "action" yaran unguwa sun kewaye ka suna neman nasu kason. In kuma kasuwa kake so, irin Mile 12, ta hannun shugabannin kasuwar za ka bi, ka je da babba ya gabatar da kai. Nan ne kai ka fi kowane darakta na Lekki, don kai ɗan gida ne, za a buɗe maka ƙofar da shi ko da kuɗi ba zai shiga ba. In ka shirya zan zo in ɗaukar maka kwana ɗaya, kuɗin mota kawai za ka ba ni.

Sadiya_Yaba:
Akwai kuma makarantu, ban ga an ambata ba. EbonyLife Creative Academy a nan Legas tana ba da gajerun kwasa-kwasai kyauta da tallafin gwamnatin jiha, har da na rubutun fim. MultiChoice Talent Factory kuma shekara guda ake yi, tun 2018 suke ɗauka, reshen Afirka ta Yamma yana nan Legas, sai dai gasar shiga tana da zafi. In karatu mai tsawo kake so akwai makarantar fim ta ƙasa a Jos. Ni gajeren kwas na yi, kuma abin da ya fi amfanar da ni ba darasin ba ne, mutanen da na zauna da su ne. Aikina na farko da aka biya ni, wadda muka yi aji ɗaya ce ta kira ni, suna neman wanda zai duba musu Hausar da ke cikin wani fim. Na tarar an fassara zancen da manhaja, wani dattijo yana ce wa matarsa abin da ba Bahaushen da zai faɗa. Na gyara, na zauna da jaruman ina koya musu furuci, na kuma yi fassarar da ake rubutawa a ƙasan allo. Daga nan aka fara kirana. Ba shi ne burina ba, amma ta nan na shiga ɗakin da ake rubutu. Kuma a watan Nuwamba ka daure ka je bikin fina-finai na AFRIFF ko da kwana ɗaya ne, ka ji yadda masu sayen fim suke magana.

Jamilu_Obalende:
Maganar Sadiya ta tuna min. Masu cewa Hausa ta yi yawa su duba: The Milkmaid, wanda Desmond Ovbiagele ya yi a 2020, yawancinsa da Hausa ne, shi Najeriya ta tura gasar Oscar. A 2024 kuma Mai Martaba aka tura, shi ma da Hausa. Lionheart kuwa cire shi aka yi daga gasar a 2019 saboda Turanci ya yi yawa a ciki. Ashe harshen da ake ce maka nakasu ne, a wani wurin shi ake nema.

Mustee_Marubuci:
Haka ne Jamilu, amma tura fim gasa daban, mayar da kuɗi daban. Mu faɗa wa juna gaskiya. Kowa yana jin A Tribe Called Judah na Funke Akindele ya haura naira biliyan ɗaya a sinima, sai ya ɗauka kuɗi na zube a titi. Gidajen sinima yawancinsu a Legas da Abuja da manyan biranen Kudu suke, masu jin Hausa kuma mafi yawansu ba sa kusa da su. Ga mai sinima zai cire nasa, mai rarrabawa ya cire nasa, ga haraji. Masu jiran kamfanonin waje kuma, a Janairun 2024 Amazon ta daina zuba kuɗi a sababbin fina-finan Afirka, mutane da yawa a garin nan da suka gina lissafinsu a kai suka wayi gari ba komai. YouTube ma sai ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara kafin a fara maganar talla, kuma tallar da ake sa wa mai kallo a Najeriya ba ta kai ta mai kallo a Ingila ko Saudiyya kuɗi ba.

Nura_Edita:
Shi ya sa Baban Ummi ya ce kar ya saki shago. Ni ma har yau bikin aure nake tacewa a ƙarshen mako, shi ke biyan haya.

DanKano_a_Eko:
Duk na ji, kuma na yarda da gajeren fim ɗin. Amma har yanzu ba wanda ya amsa min tambayata: jarumai. Labarin Sagir yana da dattawa, yana da uwaye. Anti Zulai ita kaɗai ba za ta fito a uwa da kaka da maƙwabciya ba. Ƙarshenta dai sai ya ɗauko mutane daga Kano ko Kaduna ko Jos, ya biya jirgi da masauki. Wa zai ɗauki wannan nauyin?

Anti_Zulai:
Muna nan da yawa DanKano, ba a neme mu ba ne. A Agege kaɗai na san mata uku da suka yi wasan kwaikwayo a makaranta, aure ya kawo su nan. Kuma yaron da aka haifa a Legas, mai jefa Yarbanci a tsakiyar Hausarsa, jarumin Kano ba zai iya kwaikwayonsa ba ko ya shekara yana gwadawa.

Sagir_Agege:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Ban yanke hukunci a kan Kano ba, don maganar Yaya DanKano ta jarumai tana da nauyi, kuma ina so in je ko na mako biyu ne bayan Sallah in gani da idona. Amma kafin nan zan cire fitowa ɗaya. Akwai inda ɗan acaɓa ya dawo ɗaki da daddare bayan an ƙwace masa babur, ya tarar da ƙaninsa da ya iso daga ƙauye ranar, ya zo ne don a koya masa acaɓa. Shafi bakwai ne. Yaya Kabiru, in tayinka yana nan, ina so. Anti, babu mace a wannan fitowar, amma ko za ki duba min zancen?

Anti_Zulai:
Turo min. Kuma ka sake dubawa, wa ya buɗe wa ƙanin ƙofa kafin yayan ya dawo? Ba mamaki akwai mace a gidan, kai ne ba ka rubuta ta ba.

Hafsat_Lauya:
Ta imel, Sagir. Ko Anti ce.

Kabiru_Kamara:
Tayi yana nan. Ɗakin da kake tunani, tagarsa gabas take kallo ko yamma? Ka ɗauko min hotonsa da ƙarfe bakwai na safe, fitila a kashe.